Shugabannin Kanada a Zauren Babana

Duk wanda ya san Kurfi a shekarun nan ya san cewa in kana son jin wanda ke mulkin Kanada, ba sai ka kunna rediyo ba, zauren Malam Mahmuda za ka nufa. Babana ke nan. Bafulatani ne da ya zauna gari, bai taɓa shiga aji ba, bai taɓa wuce Zariya ba, amma zai jero maka firayim ministocin Kanada kamar yadda yake jero sunayen shanunsa. Mutanen kasuwa har suna suka sa masa, wai Malam Kanada. Suna dariya, yana taya su. Ni Saudatu ban taɓa yin dariyar ba, don da hannuna aka yi ɓarnar.

Yayana Jibo shi ne ɗan fari. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa, ba ya nuna wa duniya cewa ya damu da shi. Ana yaye Jibo aka miƙa shi Wurma wurin kakarmu Inna, can ya tashi. In dole ta kama Baba ya yi zancensa sai ya ce "yaron Inna". In Jibo ya shigo zaure gaisuwa, nan take Baba zai tuna akwai maraƙin da bai ɗaure ba. Kowa yabonsa yake yi, ana cewa Malam Mahmuda ya cika mai kunya. Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarama, don haka babu wanda zai shiga tsakaninsu.

Jibo kuwa Allah ya ba shi kai. A sakandare a Dutsin-Ma wata malama 'yar Kanada, cikin masu zuwa aikin sa kai, ta lura da shi ta riƙa ba shi littattafai. Daga nan ya wuce Zariya, a shekarar 1974 kuma ya samu tallafin karatun likitan dabbobi a Kanada, a wani gari wai shi Saskatun. Shekara uku aka ce. Ranar tafiyarsa rabin unguwa suka raka shi tashar mota. Baba ya sa takalmansa, ya tsaya a ƙofar zaure, sannan ya koma ya cire su ya ce zai duba dawa. Na gan shi da idona.

Lokacin ina koyarwa a firamare a Dutsin-Ma, inda nake aure, don haka wasiƙun Jibo ta hannuna suke biyowa. Akawun gidan waya, Malam Yunana, mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, ya fi shekara ashirin a garin, kuma abokin Baba ne tun wata saniya da ya taɓa ba Baba kiwo. Shi ya miƙo mini wasiƙar farko yana washe baki kamar ɗansa ne ya rubuto. Ranar kasuwar Kurfi na hau mota na kai.

Na karanta wa Baba yana tufkar igiya, ya juya mini baya. Jibo ya ba da labarin sanyi, da abincin da ba yaji, da yadda yake kewar furar Inna. Da na gama na ninke takardar, sai ya ce:

"Ɗauko alƙalami."

Na ɗauko. Na zauna ina jira. Ya ɗan juyo, na ga bakinsa ya motsa sau biyu. Me zai ce? Ba zai ce "kana lafiya" ba, ba zai ce "ka ci abinci" ba, ga maƙwabcinmu Audi zaune a gefe yana kasa kunne.

"Ki ce mashi," in ji Baba, "wa ke sarautar ƙasar tasu?"

Iyakar wasiƙar ke nan. Na rubuta bisimilla, na rubuta gaisuwa, na rubuta tambayar, na liƙe.

Amsar ta zo shafi huɗu. Daga baya Jibo ya gaya mini ya yi kwana biyu a ɗakin karatu yana haɗa ta, don tunda aka haife shi ranar ce Baba ya fara yi masa tambaya. Ya rubuto cewa can ba sa cewa sarki, firayim minista suke cewa, kuma na yanzu sunansa Trudeau. Baba ya juya sunan a bakinsa ya ce Turudo, kuma Turudo ya zama har abada. Ya sa na maimaita karatun sau uku. Sannan ya ce in tambaya wa ya yi kafin shi.

Haka aka samu hanya. Kowane wata uku wasiƙa ta tafi, wasiƙa ta dawo, babu komai ciki sai shugabannin Kanada. Baba ya san Pearson, wanda yake ce wa Fiyasin, mutumin da ya kawo shawarar a tura sojoji su tsaya tsakanin masu faɗa a Masar ba don su yi yaƙi ba, wanda a zamaninsa aka yi dokar talaka ya ga likita ba tare da ya sayar da akuyarsa ba, aka kuma sa ganye a tutar ƙasar. Wannan ganyen ya burge Baba ƙwarai. "Mutum shi samu tuta shi sa ganye bai sa takobi ba," yakan ce wa mutanen zaure, "wanga ya san darajar abin da dabba ke ci." Ya san Diefenbaker, Difinbeka a bakinsa, mutumin ƙasar manoma mai taurin kai, wanda ya ƙi goyon bayan Turawan Afirka ta Kudu a taron ƙasashe rainon Ingila. Da ya ji masu jin Faransanci na neman ɓallewa, sai ya ce in rubuta cewa mu mun ga Biyafara, su bi a hankali.

Jibo ya riƙa yanko hotunansu daga jarida yana sakowa cikin ambulan. Baba ya ba ni na kai wa kafinta a Dutsin-Ma ya yi musu katako da gilashi, aka jera su a bangon zaure. Na Turudo ya fi girma, shi aka rataye daidai inda Baba ke shimfiɗa buzunsa. Liman ya taɓa yi masa magana a kan hotuna a wurin da ake salla. Baba ya ce ya ji, ya riƙa juya su in zai yi salla, amma bai sauke ba.

A 1977 Jibo ya gama karatu, ya aiko da hotonsa sanye da doguwar riga da hula mai tuntu. Na miƙa wa Baba a gaban mutane. Ko kallo bai yi ba, ya tura da bayan hannu.

"Kai ma mata su gani."

Matan gida suka gani, aka kai Wurma Inna ta gani ta yi guɗa, aka dawo da shi. Bayan kwana biyu hoto ya yi ɓatan dabo. Aka zazzage gida ba a gan shi ba. Inna ta ce ni ce na ɗauke na kai gidan mijina don in yi wa matan malamai fankama, kuma ta mutu tana riƙe da ni a kan wannan.

Wasiƙar da ta biyo bayan hoton ita ce wadda har gobe ban manta da ita ba. Jibo ya rubuto cewa sun ba shi aiki. Ya ce tun zamanin Fiyasin aka gyara doka, yanzu ba sa duba launin fata, in kana da sana'ar da suke so za ka iya zama. A ƙasan shafin, da ƙananan baƙaƙe, ya ce: "Ban ba su amsa ba. Ban san abin da Baba ya gani ba."

Hannun Baba ya tsaya a kan igiya. Zauren cike yake ranar, an dawo daga kasuwa. Kowa yana jiran ya ji ko Malam Mahmuda mai kunya zai buɗe baki ya ce yana son ɗan farinsa kusa da shi. Ya ɗaga kai ya kalli hotunan bango.

"Ki ce mashi wanda ya yi wagga doka adali ne."

Mutanen zaure suka ce madalla, ai Malam namiji ne. Ni kuma, sakaryar malamar makaranta mai shekara ashirin da uku, na rubuta daidai yadda ya faɗa, ban ƙara ko wasali ba. An koya mini cewa mai rubuta wa babba wasiƙa amana aka ba shi. Jibo ya karanta, ya ɗauka albarka ce aka sa masa, ya karɓi aikin.

Da na kai wasiƙar gidan waya na ba Malam Yunana labari. Ya ajiye hatiminsa ya dube ni ta saman tabarau.

"Malama Saudatu, ku mutanen nan kuna ba ni mamaki. Ni in Tomas ɗina ya wuce sati biyu a Kaduna, sai in rubuta masa in ce kai ɗan banza, uwarka na kuka, dawo. Ki buɗe ki ƙara layi ɗaya mana."

"Malam, ba haka muke yi ba," na ce masa, har da ɗan ɗaga hanci.

Ya girgiza kai ya buga hatimi.

Kada a ce ban rubuta wa Jibo tawa wasiƙar ba. Ina rubutawa. Amma mu ba ma aika wa na nesa mugun labari, don kada a ɗaga masa hankali a inda ba shi da kowa. Kowa lafiya, Baba lafiya, shanu lafiya. Kuma in faɗi gaskiya, haushinsa nake ji. Ina cewa a raina, shi yaro ne? Bai san hanyar gida ba sai an roƙe shi? Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa yaron da aka miƙa Wurma yana shekara biyu ba shi da inda zai koyi karanta fuskar Baba.

A daminar 1979 Difinbeka ya mutu, aka ɗauko gawarsa a jirgin ƙasa aka ratsa ƙasar da ita zuwa yankinsu. Baba ya ji a rediyo, ya aika aka kira ni tun kafin ranar kasuwa.

"Ki ce mashi na ji an mai da tsohon gida. Ki ce sun kyauta. Ko an daɗe, mutum shi koma inda anka san ubanshi."

Na ce a raina yau kam ko kurma ya ji. Amsa ta zo: Jibo ya ce ai a garin da yake aka rufe tsohon, shi ma ya je ya tsaya cikin jama'a, ya ga jirgin da idonsa. Ya ba da labarin furanni da sojoji da masu kuka, shafi biyar, yana murna ya samo wa Baba abin da rediyo ba ta faɗa ba. Baba ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Ya iya ba da labari," ya tashi ya shiga gida. A shekarar Inna ta rasu. Kafin takardar rasuwar ta isa Kanada an yi sadakar arba'in, sai Jibo ya aiko da ta'aziyya.

Shekaru suka yi ta tafiya, Baba na lissafa su da mutanen bango. In aka tambaye shi yaushe aka haƙa rijiyar bayan gida, sai ya ce zamanin Kilak ne, yaron nan da bai cika shekara a kan mulki ba. Da Turudo ya karɓo takardar tsarin mulkinsu daga hannun Ingila a 1982, Baba ya yini yana ba da labari. "Abinsu ne, ya daɗe a gidan wani, sunka ce a kawo shi gida," yake ta faɗa. Audi ya ce Malam, kai ko zaɓen Shagari bai dame ka haka ba.

Sai bushiya, annobar shanu, ta shigo a 1983. Ciwon ya bi garke garke daga Makera har Wurma. Saniya za ta kwana lafiya, ta tashi ido na ruwa, baki na dalala, kwana uku a ja ta a kai rami. Shanun Baba talatin da ɗoriya ne, bakwai suka rage. Ranar da aka ja Goje, bijimin da yake ji da shi, na kasa daurewa.

"Baba, ɗanka likitan shanu ne! Yana can yana duba shanun Turawa, naka na mutuwa! Ka bar ni in ce ya zo!"

Tunda nake ban taɓa ce masa "ɗanka" ba. Ya dube ni kamar na tuɓe a kasuwa.

"Ke ɗiyar nan, ba ki da kunya? Ki rubuta mi? A ce na kira yaro don saniya?"

"To ka kira shi don kanka."

Ya ɗauki butarsa ya fita. Wasiƙar watan ta tafi da tambaya a kan ko Turudo zai sake tsayawa zaɓe.

Bai sake tsayawa ba. A farkon 1984 ya ce ya gaji, zai sauka ya koma garinsu ya riƙe 'ya'yansa. Lokacin Baba ya fara tari, ƙafafunsa sun kumbura, ruwa kuma ya ƙi sauka yadda ya kamata a shekarar. Yana kwance a kan buzu ya yi mini shifta.

"Ki ce mashi wanga mutum ya fi su duka. Ya san lokacin komawa gida."

Na rubuta ina hawaye, na kuma liƙe ba tare da na ƙara komai ba. Ban san abin da zan kira wannan ba in ba taurin kai ba. Jibo ya amsa da bayanin mutanen da ke neman kujerar, da wanda yake ganin zai samu.

Malam Yunana ne ya karya abin. A ƙarshen watan Agusta ya hau babur ya je Kurfi duba abokinsa. Washegari da safe sai ga shi a ƙofar ajina, ko sallama bai yi ba.

"Taso. Yanzu za ki buga wayar telegiram Kanada. In ba ki buga ba ni zan buga da sunana, ku yi ta fushi da ni har tashin kiyama."

Na bi shi gidan waya kamar akuyar da aka ja da igiya. Ya tura mini takarda da biro. Na rubuta: "Yaya ka zo. Baba ba lafiya. Kai yake tambaya." Kalma tara. Shekara goma ina da su a hannuna.

Wayar ta tarar Jibo ya fita zagayen gonaki, sai da ya kwana huɗu kafin ya gan ta. Ban gaya wa Baba na buga ba. A satin aka yi zaɓe a Kanada. Ina zaune kusa da shi da hantsi ina ba shi kunu a cokali, sai ya buɗe ido.

"Wa ya ci a can?"

Na ce rediyo ta ce wani ne wai shi Mulroney. Ya gwada faɗin sunan, harshensa ya kasa. Ya yi ɗan murmushi.

"To. Yanzu ya samu abin rubutowa."

Bai ƙara wata magana ba sai kalmar shahada. Ya cika bayan la'asar, aka kai shi kafin magariba.

Jibo ya iso ranar sadakar uku. Motar haya ta sauke shi a ƙofar gida, ya yi ƙiba, gashinsa ya fara fari, Hausarsa tana ɗan tuntuɓe. Ya zauna cikin maza ya karɓi gaisuwa yadda ya kamata. Kowa ya zo sai ya ce masa ai Malam ya san ƙasarku kamar a can aka haife shi. Da jama'a suka watse bayan azahar, ya aika a kira ni zaure.

Na tarar ya zazzage wata jaka a kan buzun Baba. Wasiƙu ne, duk rubutun hannuna, arba'in da ɗaya, an ɗaure su da zare shekara shekara.

"A jirgi na sake karanta su duka," ya ce. "Ina neman wuri ɗaya da ya tambayi lafiyata. Saudatu, da zai cika, me ya ce?"

Na so in yi masa ƙarya. Wallahi na so. Amma na gaji da gyara magana.

"Ya tambayi wanda ya ci zaɓe."

Ya yi wata dariya marar daɗin ji. Ya miƙe ya tsaya gaban hotunan.

"Shekara goma ina yi wa waɗannan mutane hidima. Ina bin jarida, ina bin ɗakin karatu, don in samu abin da zai sa ya saurare ni. Na ce tunda ƙasar yake so, bari in zauna masa a cikinta. Ko sau ɗaya ya taɓa faɗin sunana?"

"Bai taɓa ba."

Ya kai hannu ya fizgo hoton Turudo daga ƙusa. Ba jifa ya yi da shi ba, fizgowa kawai ya yi, amma sai kwalin bayan ya faɗo da kansa. Ƙusoshin da kafinta ya lanƙwasa don su riƙe shi duk sun saki, sun yi laushi saboda yawan buɗewa da rufewa. Wani abu ya zamo daga ciki ya faɗi a kan buzu.

Hoton nan ne da Inna ta mutu tana zargina a kansa. Doguwar riga, hula mai tuntu. Gefunansa sun yi baƙi da maiƙon hannu, fuskar kuma ta kusa gogewa, daidai faɗin babban yatsa.

Jibo ya durƙusa ya ɗauka. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗora nasa yatsan a wurin da ya goge. Sannan ƙaton mutum mai furfura ya kifa kansa a buzun Baba yana kuka irin na yaron da aka yaye, ni ma na zube a gefensa.

Da ya samu numfashi, bai ɗago ba ya ce:

"Ke kin sani?"

"Hoton ban sani ba. Sauran na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka tafi. Ya sa takalmi zai raka ka, ya cire."

"Alƙalamin a hannunki yake, Saudatu. Layi ɗaya."

Na buɗe baki in ce ba haka muke yi ba, kamar yadda na taɓa gaya wa Malam Yunana. Maganar ta ƙi fita. Ya tattara wasiƙun yana mai da su jaka ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina zaune ina kallon rubutuna.